Raƙumin Dashi a Dakalin Kaka

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kaka kuwa ta riga mu ranar wata Talata da hantsi, ana tsakar yankan gero. Ni na rufe mata ido, ni na ɗaure mata haɓa. Har yau ban yi mata kuka ba. Ba taurin rai ba ne, na nemi kukan ne na rasa inda yake. In an yi mini gaisuwa in amsa, in an miƙo fura in karɓa in ajiye gefe, ƙuda su sha rabonsu. Ina ba da wannan labari ne don kada a manta da ita, don kuma akwai abin da na yi mata wanda ban gaya wa kowa ba sai bayan an kai ta.

Uwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni a Matameye tun ina 'yar shekara biyar, da mahaifiyata ta rasu, har ranar da aka kai ni ɗaki a Icirnawa. Ta haifi takwas, amma mutum ɗaya ya rage ya zauna karɓar gaisuwarta, wato Gwaggo, ƙanwar mahaifina.

Mata sun zo daga Kance, daga Tsauni, daga Yauri, wasu a kan jaki wasu a ƙasa. Wata ta ce an gama cin daddawa mai daɗi a garin nan. Wata ta ce Allah ya yafe mata bakin nan nata, don Kaka in ta yaɓa miki magana sai kin kwana kina juya ta. Wata tsohuwa, ƙawarta tun suna 'yan mata, ta shigo ta zauna tana kallon taskirar kaɗin Kaka har la'asar, ta tashi ta tafi. Duk wannan an saba gani a gidan mutuwa.

Abin da ba a saba gani ba shi ne na maza. Magidanta ne da gemunsu, in sun gama gaisuwa a ƙofar gida sai su aiko wa Gwaggo wai ko za a bar su su leƙa ɗakin tsohuwa. Da fari Gwaggo ta ce wane irin rashin ta-ido ne wannan, gida cike da matan mutane. Daga baya ta gaji, ta ce mata su ja mayafi a bar su. Sai ka ga ƙato ya sunkuya ya shiga ta 'yar ƙofar nan, ba wanda ya ce masa komai, ya zube a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, sannan ya miƙa hannu kan dakali. Haka maƙeri ya yi, haka wani mai jimar fata, har da wani da yanzu ake ce wa Malam. Ba wanda ya ɗauki abu yana tsaye, don dokar ɗakin ke nan tun suna yawo ba wando.

Dakalin nan Kaka ta gina shi da hannunta a jikin bangon ɗakinta, daga ciki. Inda sauran mata ke jera ƙore da tasoshi can sama don a gani a yaba, ita nata jeren daidai ƙirjin ɗan shekara huɗu yake, kuma ba tasa ko ɗaya a kai. Kayan wasan yara ne. Akwai sa na yumɓu da aka gasa a murhu, ƙahonsa ɗaya ya fi ɗaya. Akwai 'yar tsana ta ƙashi da kitson kakin zuma da ɗan dutsen ado a wuya, da ɗan turmi da taɓaryarsa, da doki mai ƙafa uku da rabi, da wasu tarkace da sai an gaya maka za ka san ko mene ne. Daga baya, da mota ta fara ratsa garin, har motar kara ta hau. Kowanne wani yaro ne ya yi shi a gidan nan, 'ya'yanta ko 'ya'yan dangi ko na riƙo, kuma yawancin masu su suna ƙasa.

Kowace uwa da ke da irin waɗannan za ta ƙulle su ne a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Kaka kuwa ƙofarta a buɗe take. Duk yaron da ya biyo uwarsa gidanmu, ko aka aiko shi sayen daddawa, ko ya ji labari kawai ya faɗo, yana da izinin ɗauka. Sharaɗinta kaɗan ne: ka zauna a ƙasa tukuna, ka ɗauki ɗaya ka mayar kafin ka ɗauki wani, kuma ka san na wane ne. In yaro ya ɗauki san yumɓun nan sai ta ce na autanta ne, ta faɗi sunansa, ta ce shi ne mai satar ƙuli a bakin kasko, kyanda ta tafi da shi. In an ɗauki 'yar tsana ta faɗi sunan mai ita, ta ce rowa gare ta kamar me. Ba ta sa murya ta tausayi, faɗi take kamar tana ba da labarin maƙwabta. Yaran unguwarmu sun san sunayen matattun gidanmu fiye da yadda suka san na gidajensu.

Ana fasa su mana. Gwaggo ta sha yin faɗa a kan haka, ta ce abin da ya rage wa mutum na 'ya'yansa ke nan a bar wa masu majina suna tsotsa. Kaka sai ta jiƙa ƙaro ta liƙe abin da ya karye, ta ce wa Gwaggo ta je ta ji da tuwonta yana kamawa. Ta ce a ɗakin ƙasa duk abin da ya kwana biyu ba a ɗaga shi ba na gara ne, yaran nan aiki suke yi mata ba ta biyansu. Da limamin unguwa ya aiko cewa siffofi ba su da kyau a ɗaki, ta ce a gaya wa Malam tana gaishe shi, amma ita ba ta taɓa ganin gunkin da ake goge wa hanci a jiki ba. Bai sake aikowa ba.

Labarin da 'yan gaisuwa suka fi maimaitawa shi ne na Nasaran nan. Farkon zamansu a Damagaram wani ya zo rangadi, mai yawan rubuce-rubuce a littafi, aka ba shi labarin dakalin, ya zo har gida da tafintansa. Mutane duk suka tsure. Ya miƙa hannu zai ɗauki doki, Kaka ta ce wa tafinta ya gaya masa ya zauna tukuna. Tafinta ya ce ba zai iya faɗin wannan ba, ta ce to shi ma ba zai ɗauka ba. Ƙarshe dai Nasara ya zauna a ƙasa da takalmansa. Ya ce yana so ya tafi da su ƙasarsu, akwai wani babban gida da ake jera irinsu a bayan gilashi mutane suna zuwa kallo. Kaka ta tambaya ko yaran can suna ɗauka. Aka ce a'a, ba mai taɓawa. Ta ce, "To laifin me suka yi za a kai su kurkuku?" Ta cika masa hula da gyaɗa, ta ce ya gai da gida.

A tsakiyar dakalin akwai raƙumi na icen dashi, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, ya yi baƙi yana ƙyalli don shan hannu. Mahaifina ya sassaƙa shi yana yaro, shekarar da ya fara ganin ayarin gishiri. Mahaifina kuwa ɗan farinta ne, kun san sauran. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. In ya shigo gaishe ta sai ta juya fuska ga bango ta amsa a taƙaice. Akwai mai sayar da itace da ke da suna irin nasa, shekara da shekaru tana ce masa "mai jaki". Saboda haka in yaro ya ɗauki raƙumin ya tambayi na wane ne, Kaka ba ta amsawa, sai ta duƙufa kan mazarinta, manyan yara su faɗa masa sunan. Wani lokaci ta ce, "Wa kuka ce? Kunnen nan nawa ya mutu." Su sake faɗa da ƙarfi suna dariya. Ni ma ina cikin masu yi mata dariyar kurumta.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka ce kowace unguwa ta ba da mutane su ɗauki kayan soja zuwa arewa. Mahaifina na cikin waɗanda aka nuna. Ya shigo sallama da safe, ya durƙusa a bakin ƙofa, Kaka ta ce Allah ya kiyaye hanya, ba ta ɗago ba. Bayan wata bakwai waɗanda suka dawo suka ce sun baro shi a bakin wata rijiya can gaba da Damargu, ciwon ciki ya ɗebe shi, sun rufe shi da abin da ya samu. Lokacin da aka shigo da labarin Kaka na kaɗi. Gwaggo ta faɗi tana birgima, ni na ƙanƙame turmi ina ihu. Kaka ta ce daga Allah muke, ta shafa alli a yatsa, ta ci gaba da murza mazari. Zaren bai ko tsinke ba. Na tsaya ina kallon zaren nan, a ranar na tsane ta, ba zan ɓoye ba.

Ba a yi wata guda ba wani yaro, ɗan mahautan bakin kasuwa, ya ɗauki raƙumin, ya miƙe da shi don ya nuna wa ƙanensa, ya suɓuce ya bugi bakin murhun ɗaki, kunne ɗaya ya fita. Na yi kansa da duka. Kaka ta riƙe mini hannu, ta ce wa yaron ya share hawaye, ice ne. Wannan kalma ta "ice ne" ita ta ƙarasa ni. Na gaya mata abin da jika ba ta gaya wa kaka ko da wasa. Na ce ba ta taɓa son sa ba, na ce da autanta ne ya mutu a daji da ba ta zauna tana kaɗi ba, na ce abu ɗaya da ya bari a duniya ta sa a gaban 'ya'yan mutane su ƙarasa shi. Ta dube ni har na gama. Ta ce in na huce in ɗebo mata ruwa a randa.

Washegari da ta fita gidan suna na ɗauke raƙumin. Na naɗe shi a tsumma, na sa a 'yar ƙwarya, na rufe da faifai, na tura can ƙarƙashin rumbu ta baya inda ko kaza ba ta shiga. A raina na cece shi ke nan. Na zauna ina jiran ta dawo ta tambaya, na shirya amsa har da ta gobe.

Ba ta tambaya ba. Ta shigo, idonta ya sauka a gurbin, ta rataye mayafinta, ta ce me aka dafa. Kwana ya bi kwana ba ta ce komai ba. Na ce a raina, kun gani ko, dama bai dame ta ba. Abu ɗaya dai na lura da shi ban ba shi ma'ana ba: ba ta taɓa matsar da wani abu cikin gurbin nan ba, in yaro ya ajiye doki a wurin sai ta mayar da shi inda yake. Yaran da suka san raƙumin suka yi ta tambaya kwana biyu, suka gaji, suka girma. Waɗanda suka biyo bayansu ba su san an yi shi ba. Kurumtar Kaka ma ta warke, ban kuma tambayi kaina dalili ba.

Damina biyu ban leƙa ƙarƙashin rumbun ba, don ina tsoron a gan ni. Ranar da na jawo ƙwaryar sai na ji ta yi nauyi. Ƙasa ce cike. Gara ta ci faifan, ta ci tsumman, ta shiga raƙumin ta cinye cikinsa. Da na taɓa sai ya ruguje a hannuna, abin da ya rage wuya ne da kai mai kunne ɗaya, da ƙafa guda. Na zauna a bayan rumbu ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Na zuba guntayen a ɗan tulu da toka, na liƙe bakin, da aka tashi kai ni Icirnawa na cusa shi cikin kayana. Shekara goma sha takwas ke nan daga ranar da na ɗauke shi, ban gaya wa ko mijina ba.

Da ciwonta ya yi tsanani bana na dawo jinya. Ko a kwance ba ta yarda a rufe ƙofa ba, yara na shiga suna zama a ƙasa, tana gaya musu na wane ne da muryar da sai ka kasa kunne. Ana jibi za ta rasu, da azahar, ina ba ta kunu, ta kama mini hannu.

"Ƙawata, abin nan da kika adana, yana nan lafiya?"

Ashe ta sani tun ranar. Na ce, "Yana nan, Kaka."

"To madalla. Ki riƙa ɗaga shi, saboda gara."

Ba ta ce in kawo ta gani ba. Ta sha kunu cokali biyu ta ce ya isa. Ƙarya ce maganar kirki ta ƙarshe da na yi da ita.

Ranar sadakar uku wani mahauci ya shigo ɗakin, ƙato, hannuwansa duk tabon wuƙa. Ina zaune a ciki tare da Gwaggo. Ya zauna a ƙasa, ya bi dakalin da kallo, bai ɗauki komai ba. Sai ya ce wa Gwaggo shi fa akwai abin da ke cinsa tun yana yaro. Shi ne ya yar da raƙumin nan, tun ranar kuma bai sake ganinsa ba, ya san saboda shi Kaka ta ɗauke, bai taɓa samun fuskar neman gafara ba. Ya faɗi sunan mahaifina, raƙumin wane. Rabon da in ji sunan nan a cikin ɗakin tun ina yarinya. Ya yi 'yar dariya yana share ido, ya ce ya tuna yadda take sa su maimaitawa wai ba ta ji ba, alhali tsohuwar nan tana jin kukan ɗan tsako daga bayan danga.

Na ce masa ba shi ba ne, ni ce. Na faɗi duka, har garar, da murya kamar ina ba da saƙon wani. Ya yi mana addu'a ya fita. Na jira Gwaggo ta zage ni, da ta zage ni ma da na ji sauƙi. Sai ta daɗe tana kallon gurbin.

"Ke ba ki san yadda aka yi dakalin nan ba," in ji ta. "Raƙumin ne na fari. Ta tsince shi a tsakar gida, ba ta da halin ajiye abin ɗan fari a ɗakinta mutane su gani su yi da ita. Shi ne ta bi ta tattaro na kowa. Sauran duk rakiya suka yi masa."

Na ce to me ya hana ta tambaye ni. Gwaggo ta ce, "Da wane bakin?"

Ko a nan ban yi kuka ba. Na tashi na wanke ƙore, na share tsakar gida, na raka baƙi. Ina yi ina lissafa abin da na ɗauke mata. Ita ba ta iya kiran sunansa, ni 'yarsa ba na kira, Gwaggo "Yaya" take cewa. Ba shi da kabarin da za a nuna. Bakin yaran mutane kaɗai ya rage da sunan ke fita a gidan nan, ta gina dakali guda don ta riƙa ji, ni kuma na rufe shi da faifai na tura ƙarƙashin rumbu, shekarar da ta fi bukatarsa.

Ranar arba'in na dawo daga Icirnawa da ɗan tulun a ƙugu. Gwaggo ta ce dakalin nawa ne yanzu, in na ga dama in kwashe in adana. Na fasa bakin tulun, na kaɗe tokar, na jiƙa ƙaro na liƙa wuyan a kan ƙafar yadda zai tsaya. Bai yi kama da raƙumi ba, bai yi kama da komai ba. Na ajiye shi a gurbinsa, na buɗe ƙofa, na zauna inda take zama.

Yara suka shigo bayan an raba waina. Wata 'yar ƙarama, jikar maƙwabta, hannunta duk mai, ta zauna a ƙasa ta miƙa hannu ta ɗauke shi. Ban hana ta ba. Ta jujjuya shi ta ce, "Wannan na wane ne?"

Na yi shiru yadda Kaka ke yi, ina jiran manyan su amsa. Suka dubi juna. Sun san mai sa, sun san mai 'yar tsana, sun san mai doki da abin da ya kashe shi. Wannan ba wanda ya sani.

Sai na faɗa da bakina. Na kira sunan mahaifina, ni 'yarsa, a gaban ƙanwarsa. Gwaggo ta juya fuska ga bango. Yarinyar ta maimaita ba daidai ba, na gyara mata. Ta sake faɗa, sauran suka ɗauka, wani ya leƙa tsakar gida yana gaya wa waɗanda ba su shigo ba da ƙarfi, sunan ya cika gidan.

Allah ya jiƙan Kaka, ya haɗa ta da ɗanta inda ba kunya tsakaninsu, ya yafe mini. Yaran suna ta faɗa, ni kuma na kasa kunne ina jiran a ce, "Wa kuka ce?" Tabarmarta na naɗe a jikin bango, mazarin na cikin taskira da sauran zare a jikinsa.